Bustar birki a tsohuwar Datsun 240Z: a gyara ta asali, a sa babba, ko a koma ta lantarki?

Duk wanda ƙafarsa ta saba da Corolla ko Accord na wannan zamani, ranar da ya fara taka birkin Datsun 240Z sai gabansa ya faɗi. Zai taka yadda ya saba, motar ta ci gaba da tafiyarta, sai ya haɗa da ƙarfin cinya kafin ta saurare shi. Haka ta faru da wani aminina da ya gaji irin wannan mota, ƙirar 1972, daga wurin mahaifinsa. Shekara biyu ya yi yana tayar da ita daga kwanciya, daga walda zuwa fenti zuwa inji. Ranar da ya fara fita da ita titi, da ya dawo gareji magana ɗaya ce a bakinsa: a nemo masa babbar busta, wato na'urar da ke taya ƙafa danna birki. Mun daɗe muna ja-in-ja a kan wannan buƙata tasa, kuma na san ba shi kaɗai ne ke tsaye a wannan mararraba ba.

Motar ta cancanci a tsaya a yi mata tunani. Nissan ta fito da ita a ƙarshen 1969, a Japan ana kiranta Fairlady Z, a Amurka da sauran kasuwanni kuma Datsun 240Z. Injinta mai silinda 6 ne a jere, lita 2.4, da kafireta biyu, nauyinta kuwa ya ɗan haura tan ɗaya. Ita ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Birkinta na gaba faifai ne, na baya ganga, faɗin fistin ɗin masta (silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi) inci 7/8, busta kuma ƙarama mai inci 7. Ba ta da na'urar da ke hana taya kullewa. Wannan na ƙarshe a riƙe shi da kyau, don shi ne zai yi ta dawowa a cikin maganarmu.

Abin da busta ke yi, da abin da ba ta yi

Baƙar tukunyar nan da ke manne a bangon da ya raba inji da ɗakin direba, ita ce busta. A cikinta akwai tantanin roba da ya raba ta gida biyu. Tiyo ɗaya ya taso daga manifol, wato bututun da inji ke shan iska ta cikinsa, inji na tsotse iskar gidajen biyu ta cikinsa. Da ka taka birki, wani bawul zai buɗe ya bar iskar waje ta shiga gidan baya kaɗai. Gaba babu iska, baya cike, sai iskar ta danna tantanin, shi kuma ya taya ƙafarka tura fistin ɗin masta. Iyakar aikin ke nan. Ƙarfin da za ta iya ba ka ya dogara ne da abu biyu: faɗin tantanin, da yawan zuƙar da inji ke yi.

Lissafin ba shi da wuya. Lafiyayyen inji da ba a taɓa shi ba yakan nuna inci 17 zuwa 21 a gejin auna zuƙa idan yana silo (wannan incin na ƙarfin zuƙa ne, ba na faɗi ba). Mu ɗauki 18. A wannan zuƙa, tantani mai inci 7 ba zai wuce turin kilo 154 ba, mai inci 8.5 zai kai wajen kilo 227, mai inci 10 kuma kilo 315. Waɗannan alƙaluma iyakar sama ce a takarda, a zahiri za su ɗan gaza haka saboda sifirin da sandar da ke tsakiya. Amma bambancin na gaskiya ne: ƙarin inci ɗaya da rabi a faɗi ya kusa ƙara rabin ƙarfi.

Abin da na yi ta fama da aminina ya yarda da shi shi ne wannan: busta ba ta rage tsawon da mota ke ci kafin ta tsaya. Idan ƙafarka na iya kulle tayoyin gaba da bustar da kake da ita, to birkin ya riga ya kai iyakar abin da taya za ta iya riƙewa a kan kwalta. Babbar busta za ta sa ka kai wannan iyaka da ƙaramin taki, shi ke nan. A motar da ke da na'urar hana kullewa wannan ba matsala ba ce, kwamfuta za ta gyara maka. A 240Z ƙafarka ce kwamfutar. Idan feda ta yi laushi fiye da kima, tazarar da ke tsakanin "tana tsayawa" da "taya ta kulle" sai ta tsuke, ranar da akuya ta faɗo maka a kan jiƙaƙƙen titi kuwa ba za ka sami lokacin lalubo wannan tazara ba. Wanda ke son mota ta tsaya da wuri, kuɗinsa na farko taya ya kamata su tafi, sannan fad mai kyau, sannan sabon man birki.

To me ya sa ake canza busta ko kaɗan? Don wani lokaci ta mutu, wani lokaci kuma an canza wasu sassan birkin har ta yi musu kaɗan, wani lokaci kuma injin ne aka yi wa aikin da ya daina ba ta zuƙa. Matsala uku ce daban-daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kafin ka sayi komai, yi gwajin da ba ya cin ko sisi. Inji a kashe, taka birki sau biyar ko shida har feda ta yi tauri, ka riƙe ta a danne, ka tayar da mota. Idan busta na aiki, feda za ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka. Sai ka bar injin ya yi minti ɗaya, ka kashe, ka ɗan jira, ka taka. Ya kamata ka sami taki biyu ko uku masu laushi kafin ta sandare. Idan tun takin farko ta yi dutse, ko dai ƙaramin bawul ɗin da ke kan tiyo ya daina riƙe iska, ko tantanin ya huje. Idan kana jin huci daga wajen feda, ko silon mota na rawa duk lokacin da ka taka birki, iska ce ke ɓarauniyar hanya. Sannan ka kwance noti biyun da suka riƙe masta, ka ɗan janye shi ka leƙa bayansa. In ka ga danshin man birki, to masta ne ke zubarwa cikin busta, kuma man nan yana cin roba. Sabuwar busta a bayan masta mai yoyo asarar kuɗi ce. A ƙarshe ka ari geji ka auna zuƙar injin yana silo da zafinsa. Wannan lamba ita ce za ta zaɓar maka hanya fiye da duk wata shawara, har da tawa.

Gyaran ta asali

Idan motarka na nan yadda ta fito, kalifa (abin da ke matse fad a jikin faifai) na asali mai fistin biyu, ganga a baya, masta 7/8, kafireta biyun nan na kamfani, kuma geji ya nuna 17 ko sama, ni dai ban ga dalilin neman wata busta ba. A gyara mai inci 7 ɗin, ko a samo wadda aka sake ginawa. Ba huda, ba lanƙwasa bututu, komai zai koma mazauninsa, motar kuma ta riƙe darajarta a wurin masu neman ta asali. Yawancin waɗanda ke kukan birkin 240Z ba su taɓa taka lafiyayye ba. Abin da suka taka busta ce mai shekara hamsin da tantaninta ya bushe, da tiyoyin roba da suka kumbura, da ganga da ba a saita ba, da man birki da ya sha ruwa har ya koma kalar shayi. A gyara waɗannan, feda za ta yi nauyi kaɗan fiye da ta motar zamani, amma za ta riƙa gaya maka abin da taya ke ciki, kuma wannan shi ne daɗin tuƙa irin wannan mota.

Wahalar wannan hanya ita ce samun kayan. Ba abu ba ne da za ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka ɗauko a kan tebur, galibi sai an yi oda daga waje. Kuma buɗe tukunyar busta ba aikin guduma da kurfi ba ne, akwai ƙaƙƙarfan sifirin a ciki da kan yi tsalle. Idan bakaniken bai taɓa buɗe irinta ba, gara a aika ta wurin wanda ya saba.

Mai inci 8.5 daga ƙannenta

Nan ne zan daɗe, don nan ne mafi yawan masu wannan mota ke ƙarewa, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Akwai wani canji da ya yi suna a wurin masu 240Z: ɗauko kalifa mai fistin huɗu daga tsohuwar a-kori-kurar Toyota mai jan taya huɗu, ta ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, dangin Hilux. Ramukan notinsa sun dace da na Datsun, yana da araha, fad ɗinsa kuma ya fi faɗi. Sai dai fistin huɗu sun fi biyu shan mai, don haka feda sai ta yi nisa kafin ta kama. Maganin da aka saba shi ne a ɗauko masta mai inci 15/16 daga Datsun 280ZX ta 1979 zuwa 1981. Wannan masta na tura mai fiye da na asali da kusan kashi 15 cikin ɗari a kowane taki, feda ta dawo sama. Amma ba a samun wannan a banza. Fistin mai faɗi na raba ƙarfin ƙafarka a kan fili mafi girma, sai matsin man ya ragu da kusan kashi 13 cikin ɗari. Feda ta yi gajarta, ta kuma yi tauri. A nan ne ƙaramar busta ke fara gazawa, musamman a taki mai tsanani, inda taimakonta ke ƙarewa da wuri ka ji kamar ka taka bango.

Ga irin wannan mota, bustar inci 8.5 da Datsun ta sa wa ƙannen 240Z, wato 260Z da 280Z masu kujera biyu, ita ce amsar da ta dace. Ba wai tana ƙara wa birki wani abu sabo ba ne, tana mayar da abin da babban masta ya ƙwace. Kayan gida ɗaya ne, masta ɗin Datsun zai zauna a fuskarta ba tare da wani faranti ba, kuma wanda ya buɗe bonet ba lallai ya gane an canza komai ba.

Amma ba a cire-a-sa ba ce a motocin farko. Tazarar ƙusoshi huɗun da ke bayanta ta bambanta da ta mai inci 7, don haka sai an huda sababbin ramuka a bangon da kuma ƙarfen da ke riƙe fedoji. Wannan bango shi ke ɗaukar duk ƙarfin da kake dannawa. Idan tsatsa ta ci shi, ko sabon rami ya kusa haɗewa da tsoho, a yi masa faranti a ƙarfafa shi kafin a ɗaura komai. A yi kwali a zana ramukan a kai, a gwada sau biyu, sannan a kawo injin huda. Akwai kuma batun wuri. A motar da sitiyarinta ke hagu, irin wadda muke tuƙawa a Najeriya tun da aka koma bin hannun dama a 1972, busta na gefe ɗaya da kafireta da bututun hayaƙi, domin injin Datsun ɗin nan shan iskarsa da fitar hayaƙinsa duk a hagu suke. Masta na kuloci ma na nan maƙale a gefenta. Mai inci 8.5 na shiga da ƙyar. Mai inci 10 ta motocin da ke da kujerun baya kuwa takan ci wurin mastan kuloci, sai an matsar da shi, kuma ga mota mai tan ɗaya ƙarfinta ya yi yawa. Ba na ba da shawararta.

Abu biyu ƙanana ne ke lalata wannan aiki, kuma dukansu mun gamu da su. Na farko wata 'yar roba ce mai kamar kwabo da ke zaune a cikin busta, a bayan sandar da ke tura masta. Ita ce ke mayar wa ƙafarka da wani kaso na ƙarfin, ita ke sa ka ji birki na ƙaruwa sannu a hankali. Idan aka zaro sandar, robar kan faɗa cikin tukunya ba tare da kowa ya lura ba. Yaron garejin da ya fara ɗaura wa aminina ya zaro sandar don ya goge ta, ya mayar, aka haɗa komai. Feda ta riƙa tafiya kusan ƙasa babu komai, sannan birki ya cafke gaba ɗaya kamar an ja mota da igiya. Kwana biyu ana fitar da iska daga bututu, an ƙarar da gwangwanin mai ba adadi, kafin wani dattijon bakanike ya ce a sauke bustar a girgiza. Sai ga ƙarar abu na yawo a ciki. Tun daga nan, kafin a ɗaura kowace busta, sai na ga an ɗiga gam an manne robar a gindin sandar.

Na biyu tsawon sandar kanta. Kanta na da zare, ana iya ƙara ta ko a rage. Idan ta yi gajarta, feda za ta yi wasa kafin ta taɓa masta. Idan ta yi tsawo, wannan ya fi haɗari: fistin ɗin masta ba zai koma mazauninsa ba, ramin da mai ke komawa tanki zai toshe, birki ya riƙa kamawa kaɗan-kaɗan, yana zafi yana ƙara kamawa, har motar ta tsaya da kanta a tsakiyar hanya da faifai yana hayaƙi. Zurfin ramin da ke bayan mastan 280ZX ba lallai ya zo ɗaya da na asali ba, saboda haka a auna da ma'auni, a bar tazara siririya da ba ta kai milimita ɗaya ba. Kada a yi da ido. Kuma a duba harafin F (gaba) da R (baya) da ke jikin masta, domin Datsun ta sauya wurin mafitar gaba da ta baya bayan motocin farko. In aka ɗaura bututu yadda aka same su ba a duba ba, za a iya haɗa su a juye.

A kasuwar waje akwai kuma bustoci masu tantani biyu a jere, inci 7 ko 8, waɗanda ke ba da ƙarfin babba a cikin siririn jiki. Dabara ce mai kyau, sai dai yawancinsu an yi su ne da ma'aunin motocin Amurka, ga su da tsawo, ga buƙatar faranti gaba da baya. Ga wanda zai iya samun ta Datsun, ban ga abin da zai kai shi can ba.

Idan injin ne ba ya zuƙa

Duk abin da na faɗa a sama ya rushe idan geji ya nuna 10 ko 12. Haka kan faru ga wanda ya sa kamshaf na tsere, ko ya cire kafireta biyun kamfani ya jera Weber ko Mikuni guda uku. A zuƙar inci 10, bustar inci 8.5 ba za ta wuce kilo 126 ba, ƙasa da abin da ƙaramar ta asali ke bayarwa a kan lafiyayyen inji. Ka huda bangon motarka, ka kashe kuɗi, an gudu ba a tsira ba. Tsawon wuri ma na da hannu a ciki, domin iskar waje ce ke yin turin, kuma a kan tudu ba ta da nauyi. Kowace mita 300 da ka hau, geji kan ragu da kusan inci ɗaya. Motar da ke nuna 15 a Legas za ta nuna wajen 11 a Jos, wanda ke sama da mita 1,200.

Magani mafi sauƙi a nan shi ne famfon zuƙa na lantarki, irin Hella UP28 da ke cikin motocin Turai da dama, wanda ana iya dacewa da shi a wurin masu kayan Beljiyom. Ana haɗa shi da ɗan tanki da makunni mai jin matsi, ya tashi idan zuƙa ta ragu, ya mutu idan ta cika. Bustarka na nan yadda take, feda na nan da ɗabi'arta. Aibinsa ƙara, za ka riƙa jin gurnaninsa a cikin go-sulo, kuma idan ana taka birki a jere da sauri yakan ɗan makara. Tanki kaɗai ba tare da famfo ba ajiya ce kawai, ba ya ƙirƙirar zuƙar da inji bai yi ba.

Sai wadda ake ta magana a kanta yanzu, iBooster ta kamfanin Bosch, wadda ta fito a 2013. Ba ruwanta da iska. Na'ura ce ke auna nisan da feda ta yi, ƙaramin moto ya tura masta ta hanyar giya. Tana cikin Tesla Model S da Model 3, da Honda Accord daga ƙirar 2018, saboda haka ana samun ta hannu. Abin da ya sa masu tsofaffin motoci suka rungume ta shi ne, idan ba ta ji kwamfutar motar da aka yi ta dominta ba, takan koma wani yanayi na ko-ta-kwana ta ci gaba da taimako daidai gwargwado. Abin da take buƙata wuta ce daga batir ta fiyus mai amfiya 40, da wayar makulli, da wayar ƙasa. Ko inji ya mutu tana aiki, ko a Jos ko a Legas ƙarfinta ɗaya, ko wane irin kamshaf ka sa ba ta sani ba.

Na yaba da ita, amma ina da abin faɗa. An ƙera ta ne don motocin zamani masu na'urar hana kullewa, waɗanda galibi suka fi 240Z nauyi, kuma a wancan yanayi na ko-ta-kwana ba ka da hanyar rage mata ƙarfi cikin sauƙi. A kan mota mara nauyi mai siraran tayoyi, tana iya sa birki ya yi saurin cafka. Mastan da ke zuwa da ita ya fi na Datsun faɗi, wanda ke nufin ranar da wuta ta yanke, ko da yake sandar na nan tana tura fistin kai tsaye, feda za ta yi tauri fiye da yadda mutuwar bustar iska ke sa ta. Wayoyin 240Z sun haura shekara hamsin, altanatonta na asali bai kai amfiya 60 ba, akwatin fiyus ɗinta kuma sananne ne wajen zafi. Wanda zai ɗora birkinsa a kan lantarki dole ya ja sabuwar waya mai kauri kai tsaye daga batir, ya ƙara girman altanato. Ga farantin da za a yanka, ga sandar feda da za a gyara, ga bakin bututu da zarensa ya bambanta da milimita 10 na Datsun. In ka saye ta, ka tabbata an haɗo maka da soket ɗinta da guntun wayoyinta, don nemansu daban wahala ce. A ganina wurinta shi ne motar da aka riga aka yi wa babban aiki: wani inji daban, ko tabo mai cusa wa inji iska, ko faifai a ƙafa huɗu da faffaɗan tayoyi, da sababbin wayoyi daga gaba har baya.

Hydro-Boost ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Da matsin man famfon sitiyari take aiki, shi ya sa ake ganinta a manyan motocin dizal da ba su da zuƙa. 240Z ba ta zo da famfon sitiyari ba, sai ka ƙirƙiro masa mazauni da bel da tiyoyi, don ka sami ƙarfin da ya ninka abin da motar ke buƙata.

Akwai kuma masu cire busta gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a motocin tsere. Ana yin haka, kuma feda ba ta da na biyu wajen faɗin gaskiya, amma ba toshe rami kawai ba ne. Sai an matsar da mahaɗin sanda sama a jikin feda har ribar ƙarfin ta kai wajen 6 bisa 1, a kuma koma ƙaramin masta. Mai inci 3/4, misali, na ba da matsi fiye da 7/8 da kusan kashi 36 cikin ɗari, a madadin feda mai nisa. Wanda ya cire busta ya bar masta 15/16 da feda yadda take, ya jefa kansa da mutanen titi cikin haɗari. Ko an yi shi daidai, mota ce ta filin tsere. A cunkoson Kano da rana tsaka cinyarka za ta gaji kafin ka isa gida, kuma gajiyayyar ƙafa ba ta saurin taki.

Wata magana da ta shafi duk hanyoyin nan: busta ba ta canza rabon birki tsakanin gaba da baya, amma kalifa da faifan baya suna canzawa. Duk wanda ya taɓa waɗannan, ya gwada motar a fili inda babu kowa, ya tabbata tayoyin gaba ne ke fara kullewa. Idan na baya ne ke rigaye, motar za ta juya da kai, kuma sai an sa bawul mai saiti a bututun baya. Man birki kuma DOT 4, wanda sabonsa ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, ya fi DOT 3 mai 205 dacewa da zafinmu. Kada a gauraya su da DOT 5.

Aminina ya riga ya sa kalifan Toyota da masta 15/16 tun kafin mu fara wannan magana, kafiretocinsa na kamfani ne, geji kuma ya nuna 18 da muka auna. Saboda haka shi ya yi gaskiya a kan babbar busta, ko da yake dalilin da ya fara kawowa ba shi ne dalilin ba. Muka samo mai inci 8.5 da aka sake ginawa, aka ƙarfafa bangon da faranti, aka manne robar, aka auna sandar, aka sa ɗan garkuwar ƙarfe tsakanin masta da bututun hayaƙi. Tayoyin da ya same su a jikin motar ma ya yarda ya canza, don shekarunsu sun wuce goma. Tsohuwar mai inci 7 tana nan a kwali da notocinta, ya shafa mata mai ya ajiye, ko wata rana wani zai so mayar da motar yadda ta fito. Ranar gwaji muka fita bayan sallar asuba zuwa wani titi da babu kowa, ya taka daga gudun kilomita 30, sannan 50, sannan 80, ni kuma ina tsaye a gefe ina kallon wace taya ce za ta fara ja. Na gaba ne, su biyun tare.